Baƙin Layin da Ke Bangon Inna

Akwai wani mutum mai sayar da wayoyi da abokansa suke kira Ɗan Gayu. Tun yana saurayi aka laƙa masa sunan, ya kuma bi shi har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ba a banza aka sa masa ba. Mutum ne wanda idan ya shiga falon wani ya ga hoto ya karkace a bango, ruwan da aka kawo masa ba zai wuce maƙogwaronsa ba sai ya tashi ya daidaita shi.

A wani gari mai nisa yake zaune da matarsa da 'ya'yansa. Gidan iyayensa sai a jima a jima yake leƙawa, ya kwana biyu ya juya. Yana ƙaunarsu, wannan babu shakka. Gidan ne kawai yake ba shi kunya.

Mahaifinsa, wanda kowa yake kira Baba, tsohon mai gyaran keke ne. Da ƙarfinsa ya ƙare ya bar sana'ar, amma ita ba ta bar shi ba, sai ta biyo shi cikin gida. A shekarunsa na ƙarshe babu ƙofar da bai yi wa wani abu ba. Mariƙin ƙofar banɗaki ya nannaɗe shi da robar tayar keke. A jikin katakon ƙofar kicin ya buga marafan kwalba da ƙusa, a jere. A ƙofar shigowa ya rataye tsohuwar ƙararrawar keke, ana turo ƙyauren sai ta kaɗa. A bakin ɗakin matarsa, Inna, ya zuba siminti mai kaushi wanda yake cin tafin ƙafa.

A falo akwai wani agogon bango mai ƙarar tsiya. Ya daɗe da daina faɗin lokaci daidai, amma Baba bai taɓa barin batirinsa ya mutu ba. Ƙofar ɗakinsa kuwa tana ƙugi duk lokacin da aka taɓa ta, ya hana kowa ya ɗiga mata mai. Mai gyaran keke fa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa da gwangwanin mai a hannu.

Ga kuma surutu. Da Ɗan Gayu ya yi sallama, kafin ya zauna, Baba ya fara.

"Ga babban mutum ya iso. Farar riga ya sa yau. Ya ɗan yi ƙiba, kumatu sun fito. Ga jakarsa nan ya ajiye kusa da kujerarki, ta hannun dama."

Sai Inna ta yi murmushi ta ce, "Na gani. Rigar ta karɓe ka, Babana." Haka take kiran ɗan nata.

Shi kuma sai ya faki ido ya raɗa wa ƙanwarsa, wadda suke kira Auta: "Tsufa ya kama Baba. Abin da kowa yake gani da idonsa shi yake ba da labari, sai ka ce mai sharhin ƙwallo a rediyo."

Ana nan, Baba ya yi gajeriyar jinya, Allah ya yi masa rasuwa.

Inna ta ci gaba da zama a gidan ita kaɗai. Ita take shararta, ita take girkinta, ita take wanke kwanukanta. Abu ɗaya ne ya canza, ta rage magana, musamman in baƙi sun shigo. Kowa ya ce rashin miji ne, da sannu za ta ware.

Da damina ta faɗi, rufin ya fara yoyo. A nan ne Ɗan Gayu ya yanke shawarar ya tattaro iyalinsa da shagonsa ya dawo gida, ya zauna da mahaifiyarsa. A wannan kam sai mu yaba masa, don ba kowane ɗa ne zai yi ba. Sai dai ya ce ba zai shigo da iyalinsa cikin wannan tarkacen ba, sai an gyara gidan tun daga ƙasa har sama. Aka shirya Inna za ta koma gidan Auta har a gama.

Da safen ranar da za ta tafi, ta haɗa masa shayi da kanta. Ta ɗora ɗan yatsanta a bakin kofin kamar yadda ta saba, ta zuba har ya taɓa yatsan, sannan ta miƙa masa.

"Babana, rufin ne yake yoyo," in ji ta. "Ku gyara rufin. In kuna son fenti, ku yi. Amma don Allah kada ku ɗaga komai daga inda mahaifinku ya ajiye shi."

"Haba Inna. Kin sha wahala a gidan nan, lokacin hutu ya yi. Bari dai ki ga yadda zai koma, ke da kanki ba za ki gane shi ba."

Ta riƙa shafa gefen tebur da tafin hannunta. Can ta ce, "Abin da nake tsoro ke nan."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi. Ya ce mata to, irin "to" ɗin nan da ba ta wuce leɓe.

Motar da ta ɗauki Inna ba ta gama shan kwana ba ya ciro wayarsa. Akwai wani guruf na hira a waya da yake ciki, na masu sha'awar gyaran gida da ƙawata ɗaki. Wasunku ma na san kuna cikin irinsa, kada ku yi kamar ba ku gane ba. Ya bi ɗaki ɗaki yana ɗaukar hoto, ya tura, ya rubuta a ƙasa: "Jama'a ga gidan gado. Ina neman shawara, ta ina zan fara?"

Shawara kuwa ta zubo kamar ruwan sama. Wani ya ce ya fara da zubar da wannan agogon. Wata ta ce marafan kwalbar nan sun ba ta dariya har ta ƙware. Wani ya ce tayil mai sheƙi zai sa, manya manya, fari. Wata ta ce yanzu an daina ƙofofi masu mariƙi, masu zamewa ake yayi, ba a jin ko motsinsu. Wani kuma, wanda aka fi jin maganarsa a guruf ɗin, ya zana jan layi a kan hoton ya ce: "Ka ga bangon nan da ya raba ɗakin tsohon da falo? Rushe shi. Falonka zai buɗe, iska ta shiga, haske ya shiga."

Ɗan Gayu ya tambayi launin labule. Ya tambayi irin fitilar da za ta dace da silin. Har kalar tabarmar bakin ƙofa sai da ya sa aka yi masa ƙuri'a. Mutanen da ba su taɓa taka gidan ba, ba su san ko ta ina rana take faɗo masa ba, duk ya ji ta bakinsu.

Aka fara aiki. Magini ya rushe bangon ɗakin Baba. Kafinta ya cire tsofaffin ƙofofin ɗakuna, ya sa masu zamewa. Aka kankare simintin bakin ɗakin Inna, aka shimfiɗa tayil mai santsi daga ƙofar shigowa har kicin. Ƙararrawar keke da robar da marafan kwalba da agogon, duk aka loda su a baro tare da ɓaraguzai aka kai bola. Ɗan Gayu yana tsaye yana kallo, zuciyarsa fes.

Bango ɗaya ne ba a taɓa ba, na siririn lungun da ya taso daga ƙofar shigowa, ya wuce ɗakin Inna da kicin, ya nufi inda ɗakin Baba yake a da. Magini ya ce lafiyarsa ƙalau, fenti kawai yake so. A jikinsa akwai wani dogon datti da ya bi shi daga farko har ƙarshe, amma wa zai kula da datti a tsohon bango? Mai fenti ya shafe shi da fari tas.

Bayan 'yan kwanaki Ɗan Gayu ya shigo da hantsi duba aiki. Ma'aikata ba su iso ba, gidan tsit, sai warin fenti. Yana shiga lungun ya tsaya cak.

Dattin ya dawo.

Wani layi ne mai duhu, faɗinsa kamar yatsu huɗu, tsayinsa daga ƙasa daidai haƙarƙarinsa. Bai miƙe sak ba, yana ɗan hawa yana ɗan sauka. In ya zo bakin ƙofa sai ya yi kauri, kamar an daɗe a wurin, sannan ya tsallaka ya ci gaba. Yana tafiya har ƙarshen bangon, inda aka rushe, a nan ya yanke.

Ya kira mai fenti ya yi masa faɗa, ya ce ya tsinka fenti da ruwa. Mutumin ya rantse, ya sake shafawa a gabansa. Bango ya yi fari. Kafin mako ya zagayo layin ya sake fitowa, da farko dishi-dishi, daga baya ya fito sosai, a daidai inda yake, bai kauce ko kaɗan ba.

Aka sake. Ya sake dawowa.

Daga nan abin ya fara taɓa shi. Ba mai tsoro ba ne, amma ya lura ya daina son shiga lungun shi kaɗai, ko da rana tsaka. In ya tsaya a sabon falon, sai kunnensa ya riƙa jiyo masa ƙarar agogo, alhali da idonsa ya ga an tafi da shi a baro. Wani lokacin kuma sai ya ji kamar ana jan wani abu a hankali a jikin bangon, wani sauti siriri kamar na tsintsiya mai laushi. Ya san sautin. Ya tabbata ya sha jin sa a gidan nan, amma ya rasa na mene ne. In ya waiwaya babu kowa, sai tsigar jikinsa ta tashi.

Mai fenti ma ya fara kawo uzuri. Ranar da ya zo karo na ƙarshe ya ce, "Maigida, ni dai na yi iya yina. Wannan abin daga cikin bangon yake fitowa, ba daga fentina ba."

Ɗan Gayu ya koma inda ya saba. Ya ɗauki hoton layin ya tura guruf. Wani ya ce danshi ne. Wani ya ce gishirin ƙasa ne. Wata ta ce ya nemi a yi wa gidan addu'a, tsohon gida ba ya rasa mazauna. A cikin amsoshin akwai wata gajeriya, daga wata mata da ba ta cika magana ba. Cewa ta yi: "Wa ya fi kowa daɗewa a gidan? Shi ya kamata ka tambaya." Ya karanta, ya wuce ta da babban yatsa. Wadda ya ɗauka ita ce ta wanda ya ce ya sa dogon tebur siriri a jikin bangon, ya jera tukwanen fure a kai, su rufe abin.

A ranar ne Auta ta kira shi.

"Yaya, Inna fa ba ta fita daga ɗaki. Tun da ta zo, inda na zaunar da ita nan take wuni. Ko banɗaki sai ta ce in riƙe ta, wai ƙafa ce."

"Baƙunta ce, Auta. Kin san tsofaffi da gidan wani."

"Kullum sai ta tambaye ni ko an taɓa ƙofofin. Ni dai jikina yana ba ni wani abu. Ko za ka dakata da sauran aikin ka zo ku yi magana?"

"Aikin ma ya ƙare. Ki kawo ta jibi, ki ga yadda ciwon ƙafar zai gudu."

Ranar da aka kawo Inna, gidan yana ƙyalli. Matar Ɗan Gayu da yara sun riga sun tare, an kunna fitilu duk da rana ce. Shi kuma yana bakin ƙofa, bakinsa har kunne, waya a hannu zai ɗauki bidiyon farin cikinta ya tura wa masu shawara.

Auta ta riƙo ta har bakin ƙofa. A nan Inna ta zare hannunta, ta gyara tsayuwa, kamar wadda ta daɗe a ɗaure aka kwance ta. Ta tura ƙyauren, ta ɗan karkata kai tana jiran wani abu. Babu abin da ya kaɗa.

Sannan ta cire takalmi, ta taka tayil, ta miƙa hannunta na dama ta dafa bango.

Ɗan Gayu yana kallo ta cikin wayar. Yatsunta huɗu sun sauka a kan baƙin layin nan, daidai wa daida, babu ragi babu ƙari. Ta fara tafiya, yatsun suna bin sa, suna ɗan hawa inda ya hau, suna sauka inda ya sauka. Sai ga siririn sautin nan da ya hana shi sakat, yana fita daga ƙarƙashin hannun mahaifiyarsa.

Ya sauke wayar.

Kafin ya yi magana, ƙugunta ya bugi sabon teburin. Tukunyar fure ta faɗi ta tarwatse. Inna ta razana, ta ce, "Yi haƙuri, yi haƙuri," ba ta ma san wa take ba haƙurin ba. Ta lalubi gefen teburin ta zagaye shi, ta sake kama bango. Tafin ƙafarta yana shafa ƙasa yana neman kaushin bakin ɗakinta, bai samu ba, ta wuce ɗakin ba ta sani ba. A bakin kicin yatsunta suka hau suka sauka a kan sumul ɗin katako suna neman marafan kwalba. Ta ƙara gaba, da sauri yanzu, numfashinta yana fita sama-sama.

Sai bangon ya ƙare. Hannunta ya faɗa cikin iska.

Ta tsaya a bakin makeken falon, hannu a miƙe, tana lalube a inda babu komai. Idanunta a buɗe suke, suna fuskantar fitilar da aka yi wa ƙuri'a, amma ko ƙiftawa ba su yi ba.

"Ina ƙofar mahaifinku?" ta tambaya a hankali.

Auta ta toshe bakinta da mayafi.

Ɗan Gayu ya matso ya tsaya a gabanta, kusa sosai. Ya ce, "Inna, wace irin riga ce a jikina?"

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Sannan ta ce, "Mai gaya mini ya tafi, Babana."

A kan sabuwar kujera, wadda ba ta san ta ba, ta ba su labarin. Shekaru da yawa ke nan ganinta ya fara dushewa. Baba ya kai ta asibiti ba tare da sun sani ba, likita ya ce abin ya riga ya yi nisa, ba zai dawo ba. Ita ce ta roƙe shi kada ya faɗa wa yara.

"Na san ku," in ji ta. "Da kun ji, za ku ƙwace mini tsintsiya da ludayi, ku zaunar da ni a kusurwa kuna kawo mini abinci kamar kayan ajiya. Na ce masa ni ina so in mutu ina tafiya da ƙafata a cikin gidana. Ya ce to, ki bar mini wannan."

Sai ya bi gidan yana yi mata alama. Roba tana nufin banɗaki. Marafan kwalba suna nufin kicin. Kaushi a ƙasa, ta iso ɗakinta. Ƙararrawa, wani ya shigo. Agogon kuwa, duk inda take a gidan, in ta ji ta inda ƙararsa take fitowa ta san inda ta fuskanta. In ƙofarsa ta yi ƙugi, ta san ya fito ko ya shiga. In baƙo ya zo, sai ya yi ta surutu har ta san wane ne, me ya sa, me ya riƙo.

"Layin kuma?" Auta ta tambaya tana kuka.

"Wane layi?" in ji Inna. Ba ta ma san da shi ba. Man girki ne da man shafawa da zufar tafin hannunta, shekara da shekaru, suka ratsa siminti suka zauna a ciki.

Ɗan Gayu bai jira ba, ya fita da gudu zuwa bola. Ya tarar an riga an kwashe. Ya tsaya a kan fili da takalminsa mai tsada yana tona ƙasa da ƙafa, ko marfin kwalba ɗaya na Baba bai samu ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa nauyi. Inna ta zauna a ɗakinta, ba ta fitowa sai an riƙe ta. Abin da ta ɓoye makantarta don gudunsa, shi ne ya same ta, kuma ɗanta ne ya kawo mata shi da hannunsa, cikin kyakkyawar niyya. Matar Ɗan Gayu tana kai mata abinci, tana yi mata duk abin da ya dace, amma Inna sai ramewa take yi. Wani lokacin in ya shiga gaishe ta, sai ta kama hannun rigarsa ta ce, "Babana, yaushe za ku mayar da ni gida?"

Wannan tambayar ta fi masa duka ciwo.

Wata safiya ya shigo da guduma da ƙusa da cikin aljihu na marafan kwalba da ya bi shaguna ya tsinto. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, na tambayi kowa ban tambaye ki ba. Yau na zo neman shawara. Ki nuna mini inda zan buga."

Ta laluba ta taɓa gudumar. Sannan ta miƙo masa hannu.

Haka suka bi gidan, tana gaba yana baya. Inda ta dafa, nan yake bugawa. Ya buga marafan kwalba a jikin ƙofar kicin mai tsada, katakon yana tsagewa, ko a jikinsa. Ya cire ƙofofin nan masu zamewa ya mayar da masu mariƙi, ya nannaɗe na banɗaki da roba. Ya fasa tayil ɗin bakin ɗakinta ya zuba siminti mai kaushi. Ya fitar da dogon teburin. Ya zagaye kasuwa har ya samo agogo mai ƙara da ƙararrawar keke. Yaransa ya koya musu su riƙa faɗin abin da suka sa da abin da suka riƙo in sun shigo, shi ma ya koyi surutun da ya yi wa mahaifinsa dariya a kai.

Da sannu Inna ta dawo kicin. Ranar da ta sake zuba masa shayi da yatsa a bakin kofi, sai da ya juya baya don kada yara su ga idonsa.

Ya ce zai sake gina bangon ɗakin Baba, da ƙofa a inda take. Ta girgiza kai.

"Bangon za ka iya. Kukan ƙofar fa? Shi kam ya tafi tare da ƙofar. In ka sa wata, zan taɓa in ji ba ita ba ce, ya fi mini ciwo. Bar shi."

Ya bari. Amma kusan kowace safiya, in ya fito zai tafi shago, sai ya tarar da ita ta bi layin har ƙarshensa, ta yi 'yan taku cikin falon, ta tsaya a tsakiyar fili. Sai ta ɗaga hannu ta dafa iska, daidai inda ƙyauren yake a da, ta ɗan jima a haka, leɓenta yana motsi. Sannan ta juyo. Ashe tun bayan rasuwar Baba, kullum sai ta je ta tura ƙofar nan ta ji ƙuginta kafin ta fara aikin gida. Wannan kam guduma da ƙusa ba su iya mayar mata da shi ba.

Ba ta cika shekara biyu a sabon gidan ba, ita ma ta bi mijinta.

Bayan an share makoki, gida ya koma shiru, wata rana matarsa ta same shi tsaye a lungun. Layin yana nan, ya ma ƙara duhu. Ta ce a hankali, "An ce akwai wani fenti mai mai, in an sa shi ba ya sake fitowa. In kira mai fentin?"

"A'a."

Ya fita daga guruf ɗin tun tuni. Baƙi in sun zo suna yaba falon, sai idonsu ya kai kan marafan kwalba da baƙin layin, su yi shiru don kunya. Shi kuwa da ba ya iya shan ruwa in hoto ya karkace, bai taɓa ba kowa haƙuri a kansu ba.

Yaransa sun ce har yau in zai wuce ta lungun, ba ya sanin lokacin da hannunsa yake sauka a kan bangon. Sai ya bi layin da yatsunsa, a hankali, har inda ya yanke. A nan yakan tsaya, hannu a cikin iska, kamar mai jiran ƙofa ta yi ƙugi.

Darasi: Kafin ka nemi shawarar mutanen waje a kan gidanka, fara da wanda yake kwana yana tashi a cikinsa. Abin da kake gani tarkace a wurin iyayenka, wataƙila shi ne yake riƙe da su a tsaye, kuma ba duk abin da aka kai bola ne ake iya dawo da shi ba. In tsohonka ya ce "kada a taɓa", tsaya ka tambaye shi dalili tun yana da bakin amsawa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana shirin gyara gidan iyayensa.